Darasi na Goma Sha Biyu: Yaro da Gwani

Ces wata irin dara ce da mutum biyu suke bugawa a kan allo mai gidaje 64. Kowanensu yana da 'ya'ya 16, na ɗaya farare, na ɗayan baƙaƙe. Wanda ya ritsa sarkin abokin karawarsa, ya hana shi mafita, shi ya ci.

A watan Maris na shekarar 2004 an yi gasar ces a Reykjavik, babban birnin ƙasar Aisilan. A can aka haɗa Garry Kasparov na Rasha da wani yaro ɗan ƙasar Norwe mai suna Magnus Carlsen. Kasparov ya fara zama zakaran duniya a 1985, kuma a lokacin gasar shi ne na ɗaya a jerin gwanayen duniya. Carlsen kuwa shekararsa 13 kacal.

A wasan farko Carlsen ne ya riƙe farare, don haka shi ya fara. Bai razana ba. Ya yi ta matsa wa gwanin lamba har ya fi shi da soja guda. Kasparov ya shiga tsaka mai wuya, amma ya kare gidansa cikin haƙuri, aka tashi canjaras. A wasa na biyu ƙwarewa ta yi aikinta: Kasparov ya ci, ya fitar da yaron daga gasar.

Duk da haka, wannan canjaras ya sa duniya ta san Carlsen. A 2009 Kasparov da kansa ya zama mai horar da shi. A 2013 Carlsen ya doke Viswanathan Anand a Indiya, ya zama zakaran duniya. Hausawa sun ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sababbin kalmomi
gwani: wanda ya ƙware a wani abu
ritsa: tare wani a inda ba zai iya gudu ba
canjaras: babu wanda ya ci wani
razana: jin tsoro ƙwarai

Tambayoyi
1. Yaya ake cin wasan ces?
2. Me ya sa Carlsen ne ya fara?
3. Yaya wasannin biyu suka ƙare?

Aiki
Ku rubuta jimloli biyar a kan darasin da ƙaramin ɗan wasa zai koya daga Carlsen.