Abin sha a madadin kofi ga mai gudun kafeyin da gulutin

Akwai waɗanda likita ya hana su kofi saboda bugun zuciya ko rashin barci, kuma ga shi cikinsu ba ya ɗaukar gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir. Shi kofi tsantsa babu gulutin a cikinsa. Matsalar tana ɓoye ne a cikin abubuwan da ake sayarwa da sunan madadinsa, shi ya sa uwargida take bukatar lura.

1. A karanta jikin gwangwani kafin a biya kuɗi. Garin da Turawa ke sha a maimakon kofi, irin su Caro da Inka, da gasasshen sha'ir ake yin sa. Babu kafeyin, amma cike yake da gulutin. Milo da Bournvita da Ovaltine ma akwai tsiron sha'ir a cikinsu, ga kuma koko mai ɗan kafeyin. Duk inda aka ga an rubuta barley, malt ko rye, ko orge a kayan Faransa, a mayar da shi kan kanta.

2. Komawa shayi ba mafita ba ce. Lipton da koren shayi duk suna da kafeyin, haka ma goro. Kofin da aka ce an cire masa kafeyin ma yakan rage kaɗan.

3. Ƙwallon dabino shi ne na fi ba da shawara, don a ganina babu wanda ya fi shi kusa da ƙanshin kofi a cikin abin da ke hannunmu, kuma kullum zubar da shi muke yi, musamman da azumi. A wanke shi tas har naman ya fita, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya a busasshen kasko da wuta kaɗan ana juyawa har ya yi duhu. Kada a bari ya ƙone, zai yi ɗaci. Yana da tauri sosai, don haka a fara farfasa shi a turmi kafin a niƙa. Cokali ɗaya ko biyu a ruwa kofi guda, a tafasa da citta da kanumfari, a tace. Ba shi da kafeyin, ba shi da gulutin. Ɗanɗanonsa bai kai na kofi ƙarfi ba, kuma ba ya korar barci. Wanda ya san haka tun farko ba zai raina shi ba.

4. Gasasshiyar saiwar cikori ta daɗe a hannun Faransawa, tun lokacin da takunkumin Napoleon na 1806 ya sa kofi ya yi wuya. Tana da ɗaci mai daɗi, tana karɓar madara, sai dai takan kumbura ciki in an cika ta. A nemi tsantsarta, domin garin cikori da ake sayarwa da sunan Ricoré haɗi ne da kofi.

5. Zoɓo mai zafi da citta yana da kyau da sanyin safiya, amma mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Akwai kuma ganyen rooibos na Afirka ta Kudu. Kunun gero, dawa ko aya duk lafiya, muddin ba a sa alkama ba.

6. Injin niƙan unguwa ya zama abin lura. In an gama niƙa alkama aka zuba naku, ragowar garin ta isa ta tayar da ciwon mai siliyak, wato cutar da gulutin ke tayarwa. A ware turmi da rariya a gida.

7. Kada a yanke kofi rana ɗaya. Ciwon kai kan fara bayan awa 12 zuwa 24, yana iya ɗaukar kwana 2 zuwa 9. A riƙa rage shi ana ƙara garin ƙwallon dabino har kofin ya fita gaba ɗaya.

Wanda ke zargin alkama ce ke damun cikinsa ya je asibiti kafin ya daina cinta, domin gwajin siliyak ba ya nuna gaskiya in jiki ya daɗe bai ga gulutin ba.