Matakan Sayen Tsohon Gida a Gare, a Gyara Shi, a Zuba 'Yan Haya

Wanda ya tara ɗan kuɗi a Parakou ko Djougou, abin da ya fi saurin zuwa ransa shi ne tsohon gida a unguwa mai hada-hada irin Gare ko Zango. Tunanin yana da kyau, muddin takarda ta riga siminti.

Mataki na farko, ka gano mai gidan na gaskiya. Tsofaffin gidajen nan galibi na gado ne, kuma wanda dillali ya kawo maka sau da yawa ɗaya ne kawai cikin magada, sauran suna Kwatano, Yamai ko Kano ba su da labari. Ka nemi takardar zaman dangi wadda kotu ta amince da ita, mai nuna wanda aka wakilta ya sayar. Ka tambaya musamman ko 'ya'ya mata da matan marigayi sun sa hannu, domin su aka fi mantawa, kuma hakkinsu ba ya faɗuwa don an manta. Ka je wurin mai unguwa da liman da maƙwabta. Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, ko da dillali yana cewa wani alhaji na tafe da kuɗi gobe.

Na biyu, takardun ƙasa. Tun dokar filaye ta 14 ga Agusta 2013, wadda aka yi wa gyara a 2017, hukumar ANDF ce ke kula da rajistar filaye a Benin, kuma tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi. Takardar da ke tabbatar da mallaka ita ce titre foncier. Yarjejeniyar ciniki da aka rubuta a zaure, ko da shaidu goma, ba ta kai ta ba. Ka kai lambar filin ofishin ANDF a duba sunan da ke kai, da ko an jinginar da shi a banki. Ka ɗauko mai awon fili ya nemo duwatsun iyaka, don katanga kan ci hanya ko filin maƙwabci ba tare da kowa ya lura ba. Kuɗi kuwa a gaban notaire, jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, za a biya su. Idan kai ɗan Najeriya ne ko Nijar, ka sani dokar ta keɓe sayen filin karkara ga 'yan ƙasa, na cikin gari kuma yana da sharuɗɗa, saboda haka ka tambayi notaire tun kafin a yi ciniki. Sa sunan aboki ɗan ƙasa a takarda ba dabara ba ce, ranar da ya rasu gidan na 'ya'yansa ne.

Na uku, kuɗi. Adashe tsakanin mutanen da ka sani ya fi sauƙi, kuma babu kuɗin ruwa. Bashin asusun ba da rance na CLCAM ko na banki, in har za ka ci, ka ci na gyara kawai, wanda haya za ta iya biya. Duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi ka tuna ICC Services, wadda ta rushe a 2010 da ajiyar dubban mutane.

Ka kuma yi lissafin hayar da idon basira. Gare ta rayu ne da jirgin ƙasa na Kwatano, wanda layinsa ya ƙare a Parakou, daga nan manyan motoci su kwashi kaya zuwa Malanville da Nijar. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya nuna yadda shago da sito da ɗakin direbobi ke iya zama babu kowa. Ni dai na fi son gidan da ke da shaguna biyu a gaba da ɗakunan iyali a ciki. Ɗalibai ma kasuwa ce tun da aka buɗe Jami'ar Parakou a 2001, sai dai sun fi neman kusa da makaranta.

Na huɗu, gyara. Ka fara bayan damina ta ɗauke a Oktoba, ka gama kafin Mayu. Rufi da farko, sai gindin bango inda ruwa ke ci, musamman ginin ƙasa da aka yaɓe da siminti, sai masai da magudanar ruwa. Fenti da tayil su jira. Ka sayi kayan da kanka, ka biya magini kashi-kashi gwargwadon aikin da ka gani da idonka. In za ka ƙara bene ko sauya fasalin gini, ka nemi izini a ofishin magajin gari. Ka bincika ko akwai tsohon bashin wuta na SBEE da na ruwa na SONEB, kuma ka raba wa kowane ɗan haya mitarsa ta kati.

Na ƙarshe, ka rubuta yarjejeniyar haya, kowa ya riƙe kwafi. Dokar haya ta Benin ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da na wata uku, don haka kada ka gina lissafinka a kan karɓar hayar shekara gaba ɗaya kamar yadda ake yi a Kano.