Ciwon Damuwa: Kada Mu Saki Reshe Mu Kama Ganye

Ƴan uwa masu karatu, darasinmu na wannan karo a kan ciwon damuwa ne, da maganin da likita yake bayarwa, da kuma wasu ƙwayoyi da ake cewa sun fi na likita. Mu karanta sannu a hankali, mu kuma karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna.

Mi ne ne ciwon damuwa?

Kowa yakan yi baƙin ciki. In an yi rasuwa, ko damana ta lalace, zuciya takan ɓaci, daga baya ta huce. Wannan ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne in baƙin cikin ya zauna kullum, har mako 2 ko fiye. Mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da. Barci ya gagara, abinci ya fita ransa, jiki ya mutu. Manomi ya kasa ɗaukar hauya, mace ta kasa kula da goyonta. Wannan ba ragwanci ba ne, ba rashin imani ba ne, ba kuma hauka ba ne. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Yaya maganin likita yake aiki?

In ciwon bai yi nisa ba, likita yakan fara da shawara da tattaunawa. In ya yi tsanani, sai ya rubuta ƙwaya. A jikin kwalin za a iya ganin suna kamar Amitriptyline ko Fluoxétine.

Wannan magani kamar shuka yake. Ba a shuka hatsi yau a girbe gobe. Sai an yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin a ji sauƙi sosai. Bayan an ji sauƙi ma, ana ci gaba da sha wata 6 ko fiye, domin kada ciwon ya dawo. A farkon sha, wani yakan ji bushewar baki, ko jiri, ko tashin zuciya. A nan ne mutane da yawa suke gajiya, su nemi wata hanya.

Mi ne ne amino asid?

Jikinmu kamar ɗaki ne, amino asid su ne tubalinsa. Iri 20 ne. Jiki yana iya yin wasu da kansa, amma 9 sai daga abinci. Ɗaya daga cikin 9 ɗin sunansa tiriptofan. Da shi jiki yake haɗa wani sinadari, serotonin, wanda yake da hannu a barci da natsuwar zuciya.

Saboda haka a Amurka da Turai wasu kamfanoni suka sa tiriptofan cikin ƙwaya suna saidawa. Akwai kuma wata ƙwaya mai suna 5-HTP. Ita daga ƴaƴan wani tsiro ake fitar da ita, wanda yake fitowa a dazuzzukan Gana da Kodebuwa da Togo. Masu talla suna cewa: “Wannan daga tsiro yake, ba ya cutarwa. Aje na likita, ka sha wannan.” Irin wannan talla tana iya iske mu a waya, ko ta bakin ɗan uwa mai son mu da alheri.

To, gaskiya ne? A shekarar 2002 wasu masana sun tattara gwaje-gwaje 108 da aka yi a kan waɗannan ƙwayoyi. Guda 2 kaɗai suka iske an yi su yadda ya kamata, a kan mutum 64. An ga alamar amfani, amma masanan suka ce shaidar ba ta isa a dogara da ita ba. Wanda ya aje maganin likita saboda su, ya saki reshe ya kama ganye.

Haɗari guda uku

Na farko, daina magani farat ɗaya. Jiki ya saba da shi. In an yanke shi rana guda, sai jiri da rashin barci da saurin fushi da tashin zuciya su taso. Ciwon ma yana iya dawowa. Likita ne yake rage shi kaɗan-kaɗan cikin makonni.

Na biyu, haɗa biyun. Maganin likita yana ƙara aikin serotonin, waɗannan ƙwayoyi ma haka. In an sha su tare, abin yana iya wuce kima. Sai zufa da rawar jiki da zazzaɓi da bugun zuciya da ruɗewa. Wannan yana iya kisa. Wanda ya ga haka, a kai shi asibiti nan take.

Na uku, ba mu san abin da ke cikin kwalba ba. A shekarar 1989, a Amurka, mutum fiye da 1500 sun kamu da wani mugun ciwon tsoka bayan sun sha ƙwayar tiriptofan. Fiye da 30 sun mutu. Da aka bi sawu, sai aka iske ƙwayar daga wani kamfani na Japan ta fito. Dokar Amurka ta 1994 ba ta tilasta ma masu irin waɗannan ƙwayoyi su nuna shaidar suna warkarwa kafin su saida ba. Kuma mu manoma mun sani, ba duk tsiro ne abin ci ba. Zaƙami ma tsiro ne, amma yana juya hankali.

Tubalin yana gonarmu

Wanda yake son amino asid, ba sai ya kashe jikkunansa a kan kwalba ba. Suna cikin wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da nama da zogale da fara. Hatsi shi kaɗai bai cika ba, amma in an haɗa shi da wake ko nono, ɗaya yana cika gurbin ɗaya. Fura da nono, ko shinkafa da wake, abinci ne na kirki. Don haka bayan girbi kada mu saida wake duka, mu bar na gida. Sai dai mu tuna: abinci yana taimakon magani ne, ba ya zama a madadinsa.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu sha magani kullum yadda likita ya ce.
2. In ya dame mu, ko ya yi mana tsada, mu koma mu faɗa ma likita. Yana iya canza shi.
3. Duk ƙwaya ko sauyar da aka ba mu, mu nuna mashi kafin mu sha.
4. Mu sayi magani a farmasi, ba a tire bakin kasuwa ba.
5. Mace mai ciki ko mai goyo ta sanar da likita halin da take ciki.
6. In maras lafiya ya ce ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai. A ɓoye maganin ƙwari na gona, a kai shi asibiti ran nan.

Addu'a da zumunci da hira da ƴan uwa duk suna sanyaya zuciya. Mu riƙe su, mu riƙe magani. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mi ya bambanta baƙin ciki da ciwon damuwa?
2. Don mi ba a daina maganin likita farat ɗaya?
3. Waɗanne abinci na garinku ne suke gina jiki?