Yadda ake tsara manhajar sayen kaya da kula da kadarorin jama'a a gari irin Kongolam

Kongolam gari ne na bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mai'adua, cikin masarautar Daura, kuma ta nan hanyar Kano ke ratsawa zuwa Damagaram. A gari irin wannan dukiyar jama'a a warwatse take: rijiyar burtsatse mai sola, firij ɗin allurar rigakafi, kujerun makaranta, babur ɗin ma'aikacin lafiya. Abin da ke cin irin wannan dukiya a ko'ina shi ne rabuwar takardu. Fayil ɗin kwangila na wani ofishi, littafin sito na wani, bayan shekara biyu babu mai iya cewa ga kayan nan, ga halin da suke ciki. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, buƙatar manhajar da za ta bi kaya daga ranar da aka nema har ranar da suka tsufa ta ƙaru. Ga yadda ake tsara ta.

1. Ku bi sawun takarda tukuna

Kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, ku zauna da sitokifa, ma'aji, injiniya da mai binciken kuɗi. Ku ɗauki kaya guda, misali injin jawo ruwa, ku tambaya: wa ya nema, wa ya sa hannu, wa ya karɓa, wa ya biya? Ku gwada abin da kuka ji da dokar sayen kaya ta jiha da ta tarayya ta 2007. Duk inda takarda ke kwana ba dalili, a gyara tun a nan, don kwamfuta ba ta gyara tsarin da ya karkace.

2. Ku raba aikin sashe-sashe

Kada ku gina dunƙulalliyar manhaja wadda in an taɓa gefe ɗaya sauran su girgiza. Ku yi ta kamar kasuwar Mai'adua: kara daban, 'yan hatsi daban, kowa da rumfarsa, amma ciniki na gudana tsakaninsu. Sassa shida sun isa: buƙata da kasafi, rajistar 'yan kwangila, karɓar tayi, kwangila da karɓar kaya, biyan kuɗi, sai rajistar kadarori. Kowane sashe ya riƙe rumbun bayanansa, kada wani ya zura hannu a ciki. Ba dole kowanne ya sami na'urarsa ba. Ƙaramar hukuma na iya ɗora duka a kan sabar guda. Abin da ake so shi ne iyakar kowane sashe ta fito fili.

3. Lamba ɗaya daga farko har ƙarshe

Nan ne zuciyar aikin. Ranar da aka shigar da buƙatar famfon sola na Kongolam, a ba ta lamba. Lambar nan ta bi tallan kwangila, ta bi takardar amincewa, ta bi baucan biya. Ranar da kaya suka iso, sashen kadarori ya buɗe wa kowane yanki shafinsa, farantin sola, inji da tanki, yana ɗauke da lambar asali, farashi, wurin da aka kafa, wa'adin garanti, mai kula da shi da ranar duba lafiyarsa. A manna alamar QR a jiki. In injin ya lalace a wata na takwas, daga wayar hannu za a ga ɗan kwangilar da ya kawo, a kuma ga ko gyaran yana wuyansa. Ba sai kun ƙirƙiro tsarin lambar ba: ma'aunin OCDS, wanda aka fitar a 2014, yana ɗaure matakai biyar na kwangila da lamba guda, kuma shirin SFTAS na Bankin Duniya ya sa jihohin Nijeriya wallafa kwangilolinsu a kansa.

4. Sassa su yi magana ta ƙofa

Kowane sashe ya sami rubutacciyar ƙofar sadarwa, wato API, mai bayyana abin da ake tambaya da amsar da za a samu. Ga abin da ba na gaggawa ba, a yi amfani da layin saƙonni: sito ya sanar cewa an karɓi kaya, sashen biya da na kadarori su ɗauki sanarwar kowa a lokacinsa. In ɗaya ya tsaya, saƙo na jiransa. Idan za ku sauya ƙofa, ku buɗe sabuwa ku bar tsohuwa har kowa ya ƙaura.

5. Ku yi tanadin ɗaukewar wuta da sabis

Ma'aikacin da ya je ƙauye duba rijiya ya iya ɗaukar hoto da cike bayani ba tare da intanet ba, waya ta tura in sabis ya dawo. Kowane saƙo ya zo da shaidarsa, don in an tura sau biyu a ƙirga shi sau ɗaya, kada a biya mutum sau biyu a kan aiki guda.

6. Abin da ke sauyawa ya zauna a waje

Iyakar kuɗin da shugaban ƙaramar hukuma zai iya amincewa da shi, harajin da ake cirewa da jerin masu sa hannu duk suna sauyawa, saboda haka a ajiye su a teburin da jami'i zai gyara. A bakin iyaka farashi kan bi tashi da faɗuwar sefa, don haka a rubuta ranar kowane farashi. Haɗi da hukumar CAC don tantance kamfani, ko da Remita don biya, kowanne a yi masa ɗan sashensa, yadda in sun sauya tsari wuri ɗaya za a gyara.

7. Ku gina amana a ciki

Tayin 'yan kwangila ya kasance a kulle har lokacin buɗewa. Wanda ya nemi kaya kada ya zama mai karɓa ko mai biya. Duk abin da aka taɓa ya bar sawun da ba ya gogewa. Bayanan mutane kuwa a kiyaye su bisa dokar kare bayanai ta 2023.

8. Ku fara da kaɗan, ku riƙe mallaka

Ku soma da rajistar kadarori a mazaɓa ɗaya, sannan ku ƙara sauran. A rubuta cikin yarjejeniya cewa manhaja da bayanai na hukuma ne, kuma a koya wa matasan yankin riƙe ta. Yukren ta nuna amfanin wannan tsari: ProZorro, tsarinta na sayen kaya da ya zama wajibi a 2016, rumbu ɗaya ne na gwamnati da dandamali masu zaman kansu da yawa ke shiga ta ƙofa guda. Haka Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua za su iya raba rajistar 'yan kwangila ɗaya, kowa na riƙe da kasafinsa.

In kun gama, ku gwada aikin da tambaya guda: mai unguwa zai iya nuna rijiya, a faɗa masa nawa aka saya, wa ya kawo, yaushe za a duba ta? In amsar ta fito nan take, tsarin ya tsayu. In sai an shiga neman fayil, ku koma mataki na uku.