Bayan an naɗe kwalaye

'Ya'yana, na ga hotunanku a Facebook lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, kwalaye a hannu, murya duk ta dishe. Ban ga laifinku ba. Annabi Amos ma bai yi shiru ba da ya ga 'yan kasuwa suna tauye mudu suna danne matalauta.

Maganar da ɗayanku ya yi mini ce ta tsaya mini a rai. Ya ce tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro in ya tuna shi ya yi karatu, yana da albashi, wasu kuwa sun kwana da yunwa, shi ya sa ya fita. Ɗana, wannan jin laifi ne, kuma mai jin laifi kansa yake wa magani. Da zarar ya yi ihu ya ji sanyi a ransa, sai ya koma gida, mai yunwar kuwa yana nan inda aka bar shi. Daga baya har haushin waɗanda ba su fito ba yake ji. Mu da muka gaskata an riga an yafe mana a kan gicciye, wane bashi muke ƙoƙarin biya kuma?

Ku sake duba Basamariyen nan na cikin Luka sura 10. Ba shi ya ji wa mutumin da ya tarar yashe a hanya ciwo ba, babu abin da ake bin sa. Ya sauka, ya wanke raunin da mai da ruwan inabi, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kwana yana jinyarsa, ya bar dinari biyu a masauki. Abin da ya fi burge ni shi ne alkawarin da ya yi cewa zai dawo. Haka iyayenku na Zumuntar Mata suke. Na sha ganinsu da kwanon dawa da ɗaurin itace a ka, sun nufi gidan gwauruwa wata uku bayan jana'iza, lokacin da 'yan ta'aziyya sun daɗe da watsewa. Sun san sunayen 'ya'yanta, sun san wanda aka koro daga makaranta saboda kuɗi.

Siyasa ma irin wannan zuciyar take bukata. William Wilberforce na Ingila ya kusa shekara ashirin yana faɗuwa yana tashi a majalisa kafin a hana cinikin bayi a 1807, bai kuma huta ba har ya rasu a 1833, shekarar da aka zartar da dokar 'yanta su. Mai neman sauke nauyi kawai da tuni ya gaji.

Ranar Asabar za mu je wurin tsohuwar nan ta bayan majami'a, ɗakinta yana yoyo ga damina ta kawo jiki. Ku zo da guduma da ƙusoshi, ni zan sayi kwanon rufi. Kada ku yi saurin tafiya, tana son hira.