Ƙarar Giyar Babur: Sanadinta da Maganinta

A shekarar 1816 wani likita ɗan ƙasar Faransa mai suna Laennec ya naɗe takarda, ya kara ta a ƙirjin mara lafiya domin ya saurari bugun zuciya. Daga nan aka samo na'urar nan da likitoci ke ratayawa a wuya. Gwanin bakanike ma haka yake yi, yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji ya kara ƙotarta a kunne. Dalilinsu ɗaya ne: ƙara alama ce kawai, kuma sau da yawa inda take fita dabam, inda ciwon yake dabam. Mafi yawan baburan da ke ƙara a lokacin canjin giya, akwatin giyarsu lafiyarsa lau.

Yana da kyau a fara sanin abin da ke faruwa a ciki. A akwatin giyar babur akwai sanduna biyu masu ɗauke da giyoyi, kuma haƙoran waɗannan giyoyi kullum a sarƙe suke da juna. Abin da ke shiga ya fita shi ne wasu 'yan ƙahoni da ke gefen giya. Idan mahayi ya taka ƙarfen giya, wata ganga mai tsagi takan juya, ta tura wani ƙarfe mai kama da gwafa, shi kuma ya zurar da giya har ƙahoninta su faɗa cikin ramukan ta kusa da ita. To, idan ɗaya na gudu ɗaya na tsaye a lokacin haɗuwarsu, dole a ji "ƙwas".

Wannan ne ya sa ƙarar da ake ji da sassafe, sa'ad da aka sa giya ta ɗaya daga firi, ba abin tayar da hankali ba ce. Farantan kuloci cikin baƙin mai suke a jiƙe, shi kuwa mai yakan yi kauri da sanyi, musamman a lokacin hunturu, sai ya manne farantan ko da an matse hannun kuloci. Ƙwayoyin ruwan da ke cikin gaɓoɓin ɗan Adam ma sai an motsa jiki suke saki, shi ya sa tsoho ke ɗingishi da asuba. A bar inji ya ɗumama na minti biyu ko uku, a matse kuloci a ɗan dakata, sannan a taka giya.

Amma idan inji ya yi zafi ƙarar tana nan, sai a tuhumi kuloci. Gwajinsa ba wuya. A matse shi har ƙarshe a sa giya ta ɗaya. Idan babur ya riƙa jan jiki yana son tafiya, ko inji ya mutu, ko kuma samun firi ya zama aiki, to kuloci ba ya saki sosai. Galibi wayarsa ce ta miƙe, ko ƙura ta cushe ta. A ƙananan babura irin su Honda CG125, wasan da ake so a ƙarshen hannun kuloci milimita 10 zuwa 20 ne. In ya wuce haka farantai ba za su rabu ba, in kuwa aka ɗaure har babu wasa sam, za su riƙa sulɓi su ƙone. Ana daidaita shi da noti a wajen hannu da kuma wajen inji. Haka nan kuma, a duba gudun inji a tsaye. Wasu 'yan acaɓa kan ɗaga shi don kada babur ya mutu a cunkoso, alhali wannan ƙarin gudu ne ke ƙara ƙarfin karon ƙahonin.

Sai batun baƙin mai, wanda a nan ne aka fi yin sakaci. A yawancin baburan yau, mai ɗaya ne ke hidimar inji da kuloci da giya baki ɗaya, ba kamar mota ba. Haƙoran giya suna niƙa shi, zafi yana tsinka shi, saboda haka yakan gaji da wuri. Bugu da ƙari, ana zuba wa wasu mayukan mota sinadarin ƙara santsi, wanda ke sa kulocin babur sulɓi. Don haka ne a shekarar 1998 aka fito da ma'aunin JASO MA a Japan, kuma ana rubuta shi a jikin galan ɗin man da ya dace da babur. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba a san asalinsa ba, arharsa ba ta kai kuɗin farantai ba.

Sarƙa ma tana da nata laifin. Idan ta saki fiye da kima, wato ta wuce milimita 20 zuwa 30 da akasarin ƙananan babura ke buƙata, za ta fizga duk lokacin da aka canza giya. Robobin da ke cikin cibiyar ƙafar baya su ma sukan cinye su kawo irin wannan bugu.

Sai an kawar da duk waɗannan ne za a yi maganar buɗe inji. Alamar da ke tabbatar da ciwon na ciki ne ita ce giya ta riƙa fita da kanta idan an ba da wuta, galibi giya ta biyu, tare da ganin ɓarɓashin ƙarfe a cikin man da aka juye. Wannan na nuna ƙahoni sun dakushe ko gwafa ta lanƙwashe, kuma abin da ke jawo shi shi ne dukan ƙarfen giya da ƙarfi, da ɗora ƙafa a kansa ana cikin tafiya. A nan dole a raba inji biyu, a canza giyar da ta lalace tare da abokiyar sarƙuwarta, a kuma auna gwafar, domin sabuwar giya a kan lanƙwasasshiyar gwafa ba za ta daɗe ba ƙahoninta za su sake cinyewa.