Darasin Rubuta Labari Daga Bakin Rijiyar Kusugu

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu muna rubuta labarai a waya mu tura Facebook ko WhatsApp, wasu 'yan uwanmu mata kuma suna harin gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Abin da na lura da shi a yawancin labaran da ake ba ni in duba shi ne, Hausar akwai daɗi, amma kafin shafi na uku mai karatu ya ajiye. Dalilin ɗaya ne: taurari sun cika labari, amma ba wanda aka ba aiki. Magani kuwa ba sai mun je nesa ba, yana cikin labarin Bayajida da kowane ɗan Daura ya tashi da jinsa.

Mu fara da zubi. Ni a wurina labari yana tsayawa ne a kan ƙafa huɗu: buƙata, cikas, karo da sakamako. Baƙo ya iso Daura cikin dare yana neman ruwa, wannan ita ce buƙata. Tsohuwa Ayana ta ce masa ba a ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a, saboda macijiya mai suna Sarki, ga cikas. Ya tafi rijiya ya sare kan macijiyar, ga karo. Gari ya waye, Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, shi kuwa ya ce aurenta yake so, ga sakamako.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, ƙishirwar mutum ɗaya ce ta haɗu da matsalar gari gaba ɗaya, shi ya sa muka damu da shi. Na biyu, wuƙar da ya yi aikin da ita ba daga sama ta faɗo ba. Tun a hanya an gaya mana maƙeran Gaya ne suka ƙera masa. Duk abin da zai ceci tauraronka a ƙarshe, ka shuka shi tun farko. In ba haka ba, mai karatu zai ce ka yi masa wayo.

Sai taurari. A 1928 wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya nazarci tatsuniyoyin ƙasarsu, ya nuna cewa komai yawan mutanen labari, rawar da suke takawa ba ta wuce bakwai ba. Mu gwada wasu a namu. Bayajida ne jarumi, macijiya ce abokiyar gaba, maƙeran Gaya su ne masu ba da makami. Ayana ce ta sanar da matsala, wato ita ta tura jarumi bakin aiki. Akwai kuma jaruman ƙarya, waɗanda suka fito da safe kowa yana cewa shi ya kashe. Ba don su ba, da kan macijiyar da Bayajida ya ɓoye ba shi da wani amfani.

Amma fa Daurama ta fi ƙarfin awon Propp. Ba ladar da ake miƙa wa jarumi ba ce kawai, ita ce mai mulki, ita ta yanke hukunci, ita kuma ta ba shi Bagwariya. Daga nan aka sami Karɓagari da Bawo, kuma sunan Karɓagari kaɗai ya isa ya nuna maka akwai sauran rigima a gaba. Mu da muke rubuta mata su yi ta kuka daga babin farko har na ƙarshe, ya kamata mu yi tunani.

To ga aikin gida. Ka ɗauko labarinka, ka jera sunayen taurarinka a takarda, ka rubuta a gaban kowa abin da yake so da abin da ya yi. Sannan ka cire su ɗaya bayan ɗaya. Ka cire Ayana, Bayajida bai san hanyar Kusugu ba. Idan ka cire naka labari bai girgiza ba, to ko dai ka ba shi aiki, ko ka sallame shi, ko da kuwa sunan masoyiyarka ka sa masa.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.